Ciwon Daji Na Baki Da Sawun Da Ya Ke Bari

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Birnin Gwari



Mutumin Birnin Gwari ba a koya masa daji. Tun daga Kamuku, wanda En'e ta keɓe ya zama gandu a 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe shi ya zama gandun dabbobi na ƙasa a 1999, har zuwa Kuyambana can wajen iyakar Zamfara, jama'ar wannan ƙasa sun ci amfanin daji, sun kuma ɗanɗana sharrinsa. Maganar yau kuwa ta wani daji ce dabam, wanda ba a bayan gari ya ke tsirowa ba, sai a cikin jikin ɗan Adam, watau cutar nan da a ke kira ciwon daji, wasu kuma su ce sankara. Ba dukan irinsa za a taɓo ba, sai wanda ke kama baki kaɗai, watau harshe da ƙarƙashinsa, da dasashi, da ganda, da leɓe, da cikin kumatu.

Abin da ya sa aka zaɓi wannan magana a wannan lokaci, hanya ce. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka. Amma Hakimai sun fi kowa sanin shekarun da wannan 'yar tafiya ta zama sai an bar wasiyya, saboda ɓarayin daji masu tare hanya wajen Buruku da Udawa, da kuma ta ɓangaren Funtuwa. A 2021 har Gwamnatin Jihar Kaduna ta yanke wayar tarho a wasu yankuna, ta hana hawa babur, ta dakatar da kasuwannin mako, don ta toshe wa ɓarayi hanyar abinci da ta labari. Cikin irin wannan hali, wa zai sai da ransa ya nufi Zariya saboda ɗan miki a gefen harshe, wanda ko zafi ba ya yi? Sai ya kurkure baki da ruwan kanwa ya koma gonarsa. A ƙarshen watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, ya buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, motoci kuma suka ƙara samun wucewa. Amma cutar da ta kwanta a bakin mutane cikin waɗancan shekaru, ita ba a yi sulhun da ita ba.

Jikin mutum gini ne, tubalansa kuwa 'yan ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin baki, kullum ƙwayoyinta na mutuwa, wasu na maye gurbinsu bisa ƙa'ida, ba ƙari ba ragi. Ciwon daji ya kan soma ne ranar da wata ƙwaya ta yi tawaye, ta shiga hayayyafa ba iyaka. Zuriyarta ta ci iyakar maƙwabta, ta nutsa cikin tsoka da ƙashi, daga bisani wasu su ɓalle su bi hanyoyin ruwan jiki su sauka a kaluluwar wuya. Fiye da 90 cikin 100 na ciwon daji na baki daga wannan fata ya ke farawa. Ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci a akushi ɗaya da mai shi, ba kuwa sammu ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum wajen 390,000 suka kamu da ciwon daji na baki da leɓe, wajen 188,000 kuma suka mutu da shi. A nan gida ma ba baƙo ba ne. Tun a 1985 Farfesa E. O. Adekeye, na sashen fiɗar baki da muƙamuƙi a Kaduna, shi da wasu likitoci biyu, suka buga bayanin majiyyata 137 da aka gani a can. Sun lura cewa masu cutar a nan sun fi na Turai ƙuruciya, kuma akasarinsu ba su zo ba sai da cuta ta yi nisa.

Tambayar da likita ke yi

Maharbi in ya tarad da sawu a bakin rafin Mariga, ba ya tsayawa ga cewa ɓauna ce ta wuce. Ya kan duba ya ga ko yau ta wuce ko jiya, ko ita kaɗai ce ko garke ne, ko kiwo ta ke yi a hankali ko gudu ta ke, da kuma inda ta dosa. A kan wannan ya ke shirya ko ya bi ko ya koma. Haka likita ya ke. Bayan ya yanko ɗan nama daga mikin, an duba a madubi an tabbatar daji ne, sauran babbar tambaya: ina wannan cuta ta dosa, kuma da wane sauri? Amsar ita ce za ta nuna yawan naman da za a yanke, da ko za a buɗe wuya, da ko za a bi da gashi, watau hasken nan na na'ura da a ke ƙona ƙwayoyin cuta da shi.

Ma'aunin da likitocin duniya suka haɗu a kansa, wani likitan Faransa mai suna Pierre Denoix ya tsara shi tsakanin 1943 da 1952. Abu uku ya ke dubawa: girman ƙarin, da ko ya sauka a kaluluwa, da ko ya ƙetare zuwa nesa kamar huhu. Daga baya aka ƙara auna zurfinsa cikin nama. Ƙarin da faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, kamar faɗin farcen babban yatsa, zurfinsa kuma bai wuce milimita 5 ba, wuya kuma lafiya lau, shi ne mataki na fari. Lissafin Amurka ya nuna cewa in an kama cutar tun tana wurin da ta soma, fiye da mutum 80 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar. In ta riga ta ƙetare nesa kuwa, ba su wuce 40 ba. Saukarta a kaluluwar wuya kaɗai ya kan rage sa ran tsira da kusan rabi.

Wannan ma'auni ya yi wa mutane amfani mai yawa, amma yana da kasawa, likitoci da kansu su ke faɗa. A ce manoma biyu ne, ɗaya daga Kuyello ɗaya daga Randagi, ko wanne da ƙari a gefen harshe, girma ɗaya, likita ya shafa wuyansu bai ji kome ba. Aka yi musu fiɗa iri ɗaya. Na fari ya warke ya aurad da jikokinsa, na biyu kuwa kafin shekara ta kewayo wuya ya kumbura. Ashe tun ranar fiɗa wasu ƙwayoyi sun riga sun sulale sun ɓuya a kaluluwa, hannu bai ji su ba, hoto bai nuna su ba.

To, a buɗe wuyan kowa ke nan a kwashe kaluluwa? Likitocin asibitin Tata Memorial da ke Mumbai, a ƙasar Hindu, watau Indiya, sun gwada wannan, suka buga abin da suka samu a 2015 a kan majiyyata 500 masu ƙaramin ƙari. Waɗanda aka kwashe wa kaluluwa tun farko, 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. Waɗanda aka ce a jira sai wuya ya nuna alama, 67 ne da 'yar ɗoriya. Saboda haka kwashewa ta fi. Amma fa cikin wuya goma da aka buɗe, wajen bakwai ba a sami kome a ciki ba. Mutum bakwai ke nan sun sha wuƙa domin a ceci uku, gama ba wanda ya san su wane ne ukun. Wannan shi ya sa masana su ke neman wata alama a jikin ƙwayar cutar kanta, wadda za ta faɗi halinta tun kafin ta nuna shi.

Tsagar da ke fuskar ƙwaya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ko wace ƙwaya ta jiki tana da fuska, watau bayanta da ke duban maƙwabtanta, fuskar nan kuwa cike ta ke da wasu abubuwa da masana ke kira furotin, su ne ma'aikatan jiki. Kafin furotin ya fito daga cikin ƙwaya, a kan rataya masa wasu 'yan zaruruwa na sukari, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi, sai dai su suna yin rassa kamar itace. Irin sukarin da jiki ke jerawa wajen iri goma ne, an kuma ƙiyasta cewa fiye da rabin furotin na jikin mutum suna ɗauke da wannan ado. Kada a ji an ce sukari a zaci na shayi ne, ko a haɗa maganar da ciwon sukari. Jiki ne ke ƙera abinsa, barin shan rake ba ya ƙara shi ba ya rage shi.

Amfanin zaruruwan nan shaida ce. Kamar yadda a da a ke duban tsagar mutum a kasuwa a san Bagobiri ne ko Babarbare tun bai buɗe baki ba, haka ƙwayoyin jiki su ke gane juna da tsarin sukarin da ke fuskarsu. Hakimai ma sun sha cin karo da wannan shaida ba tare da an faɗa musu ba. Duk wanda ya taɓa rakiyar mai naƙuda asibitin Jibril Mai Gwari aka ce a nemo jini, ya ji ana cewa jinin wane A ne, na wane B, na wane O. Karl Landsteiner ya gano wannan rabo a birnin Biyana a 1901, amma sai bayan 1950 wasu masana biyu a Landan, Walter Morgan da Winifred Watkins, suka nuna cewa bambancin duk na sukari ne. Akwai gindin zare wanda kusan kowa ke da shi, ana kiransa H. Mai jinin A an ɗora masa ƙwayar sukari guda a kan gindin, mai B an ɗora masa wata dabam, mai O kuwa an bar shi haka nan. Ƙwayar sukari ɗaya tak, amma in aka yi kuskurenta wajen ƙarin jini sai a rasa rai.

Shaidar nan ba a jini kaɗai ta ke ba, har a fatar cikin baki akwai ta. A 1973 likitoci biyu na ƙasar Danmak, Erik Dabelsteen da Jens Pindborg, suka duba naman masu jinin A waɗanda ke da ciwon daji na baki. Suka ga lafiyayyen naman da ke gefe yana ɗauke da shaidarsa, ƙarin kuwa ya zubad da tasa, ko duka ko mafi yawa. Watau ɗan tawaye ya goge tsagar gidansu. A 1991 wani masani na ƙasar Norwe, Magne Bryne, tare da Dabelsteen ɗin nan, ya ƙara gaba. Maimakon ya dubi tsakiyar ƙari, sai ya dubi bakinsa na can ciki, inda ƙwayoyin cuta ke kutsawa cikin lafiyayyen nama, kamar yadda mai gona ba ya duban tsakiyar gobara sai bakin da ke tunkarar rumbu. Ya sami cewa in ƙwayoyin da ke wannan baki sun zubar har da gindin nan H, cutar ta fi yawan bazuwa.

Wani abin mamaki, kayan aikin da a ke karanta shaidar nan da su, wasu daga gona su ke fitowa. A 1963 wani likita a Boston ta Amurka, Joseph Aub, ya lura cewa wani abu da aka tatso daga ƙwayar alkama yana sa ƙwayoyin daji su dunƙule wuri ɗaya, lafiyayyu kuwa ba ya dunƙula su haka. Irin wannan abu shi a ke kira lektin, ko wanne da irin sukarin da ya ke kamawa. Gyada ma tana da nata, mai kama wani guntun zare wanda a lafiyayyen nama a rufe ya ke, a naman daji kuwa sau da yawa a buɗe, domin ƙwayar cuta ba ta ƙarasa jera carbinta. Sai a haɗa lektin da rini a shafa wa naman da aka yanko, inda ya kama ya yi launi. Wannan aikin ɗakin bincike ne, kada wani ya ji ya fita ya ce gyada maganin daji ce.

Ba zubarwa kaɗai ƙwayar cuta ke yi ba, tana ƙarawa. Akwai wani irin sukari mai suna sayalik, wanda a kan ɗora a can ƙarshen zare. Ƙwayoyin daji su kan yawaita shi ƙwarai, yawansa kuwa yana yi musu amfani biyu. Na ɗaya, yana rage mannewarsu da juna, su sami damar ɓallewa. Na biyu, dakarun jiki, watau fararen ƙwayoyin jini masu farautar baƙi, in sun ga sayalik su kan ɗauka ɗan gida ne su wuce, kamar ɓarawon da ya sa babbar riga da rawani ya shiga kasuwa. In kuma sayalik ya haɗu da wani sukari mai suna fukos bisa wani tsari, sai ya zama kamar ƙarangiya. Da shi ƙwayar da ta shiga hanyar jini ta ke maƙalewa a bangon jijiya ta sauka a sabon wuri. An sami cewa ƙarin baki mai yawan wannan ƙarangiya ya fi saurin kai wa kaluluwa.

A Jami'ar Boston kuma, a 2009, Maria Kukuruzinska da mataimakanta suka dubi wani furotin wanda aikinsa shi ne manne ƙwayoyin fatar baki da juna, kamar yadda laka ke riƙe tubali. Suka ga a naman daji an yi masa lodin zaren sukari fiye da kima, har ba ya iya riƙo, sai ginin ya saki.

Wanda ya fi kusa da bukatar ƙasa irin wannan shi ne binciken da aka yi a asibitin ciwon daji na Gujarat, a birnin Ahmedabad na ƙasar Hindu, inda cutar baki ta yi yawa. Likitocin wurin, ƙarƙashin Prabhudas Patel, sun yi shekaru suna auna sayalik da fukos a cikin jini, daga baya har a cikin miyau. Sun sami cewa ma'aunin masu ciwon daji na baki ya fi na masu lafiya, na masu farin tabo da bai riga ya zama daji ba kuma yana tsaka-tsaki. Bayan magani, waɗanda magani ya karɓa ma'auninsu ya kan sauka, waɗanda bai karɓa ba kuwa ya tsaya a sama. Miyau ba ya bukatar allura. In da wannan awo zai tabbata, da malamin asibiti a Dogon Dawa ma sai ya karɓi miyau a kwalba ya aika.

Amma bai tabbata ba tukuna, kuma wajibi ne Hakimai su riƙe wannan sosai. Ba wai hanyar ce ba ta da tushe ba, gama a ciwon daji na hanta akwai awon jini mai duban fukos a kan wani furotin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi tun 2005. A na baki ne har yanzu ba ko ɗaya cikin alamun nan da ya shiga aikin asibiti na yau da kullum. Yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi shi, a asibiti ɗaya, ko wane ɗakin bincike kuma da irin nasa awo. Sa'an nan sayalik na jini ba daji kaɗai ke ɗaga shi ba. Tarin fuka na ɗaga shi, ciwon gaɓoɓi da sauran cututtuka masu kumburi suna ɗagawa, har juna biyu ma. A ƙasar da zazzaɓi ya ke abokin zama, irin wannan awo zai yi ta kururuwar ɓarawo alhali akuya ce ta motsa. Na'urorin da ke karanta zaren sukari filla-filla kuwa suna da tsada, suna kuma son wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Saboda haka duk wanda ya shigo kasuwar ƙauye da akwati ya ce yana awon ciwon daji da ɗigon jini ko miyau a biya shi, lalle a kai maganarsa gaban Hakimi.

Abin da ido ke iya gani

Alamun sukari suna ƙoƙarin raba mutum biyu masu ƙaramin ƙari ne. Wanda ya iso asibiti ƙari ya riga ya cika baki, ya ci muƙamuƙi, wuya ya yi tauri kamar dutse, ba a bukatar lektin kafin a san inda cutarsa ta dosa. Abin baƙin ciki, irin wannan su ne suka fi yawa a asibitocin Arewa. Bambancin da ke tsakanin mai zuwa da wuri da mai zuwa a makare ya fi duk wani bambanci da masana suka taɓa aunawa a fuskar ƙwaya, wannan kuwa ba a hannun masana ya ke ba, a hannun masu riƙe da jama'a ya ke.

An gwada, ba zato ba ne. A lardin Kerala na ƙasar Hindu, daga 1996 zuwa 2004, aka ɗauki mutum wajen 190,000 aka raba su biyu. Rabi aka riƙa aika musu ma'aikatan lafiya gida gida, ba likitoci ba, mutane ne da aka koya wa duban baki da fitila. Rabi aka bar su yadda su ke. Da aka buga sakamako a 2005, sai ga shi cikin masu taba da masu giya mutuwa da ciwon daji na baki ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku a inda aka riƙa dubawa.

Baki kuwa a buɗe ya ke, ba kamar hanta ko huhu ba. Mikin da ya kai mako uku bai warke ba, shi ne babbar alama, balle in bakinsa ya yi tauri ya ɗaga, ko yana jini in an taɓa. Rashin zafi ba albishir ba ne, gama daji ya kan soma shiru. Haka kuma farin tabo ko jan tabo wanda ba ya goguwa, jan ma ya fi hatsari. Haka haƙorin da ya soma girgiɗi ba dalili, ko ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa, ko leɓe ya mutu ba ya jin taɓi, ko harshe ya yi nauyi, ko kaluluwa a wuya mai tauri marar zafi wadda ta ƙi sauka. Mai dubawa ya sa a kurkure baki tukuna, domin jan goro ya kan rufe tabo, sa'an nan a fito da harshe a dubi gefensa biyu da ƙarƙashinsa, nan cutar ta fi son ɓuya.

Waɗanda ya kamata a fi sa wa ido su ne masu taba, ko ta hayaƙi ko garin nan da a ke haɗawa da kanwa a dasa a leɓe ko a kumatu, domin daidai inda a ke ajiye shi nan ya kan ci. In taba ta haɗu da giya ko burkutu hatsarin ya kan ninka. Zabiya kuma rana na ƙona musu leɓen ƙasa, sai a taimake su da malfa. Goron da Hausawa ke ci dabam ya ke da 'ya'yan wata bishiya da mutanen Hindu ke taunawa da ganye da farar ƙasa, wadda ita aka tabbatar tana kawo cutar. Amma kada rashin taba ya sa a yi sakaci da miki, an sha ganin cutar ga wanda bai taɓa kusantarta ba.

Akwai wata cuta da wasu ke kira daji ita ma, alhali ba ita ba ce, watau zaizayar baki ta yara, wadda likitoci ke kira noma. Ta kan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda, ta soma daga dasashi ta huda kunci cikin 'yan kwanaki. Ita ba a jiran mako uku. Ranar da aka ga dasashin yaro na wari yana jini, kunci ya kumbura, ranar za a kai shi asibiti, gama allurar kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsai da ita in an hanzarta. Akwai asibiti musamman dominta a Sakkwato tun 1999.

Ba a ce Hakimi ya zama likita ba. Amma yana da dagatai da masu unguwa, yana da limamai masu huɗuba ran Juma'a, yana kuma da Sarkin Aska. Wanzamai sun fi kowa leƙa bakin talakawa, kuma su a ke fara kai wa kumburin wuya. Ya kamata Hakimi ya tara su, tare da malamin asibiti na gundumarsa, a nuna musu alamun nan, a kuma roƙe su da girmamawa kada su yi sakiya ko ƙaho a kan kaluluwa mai tauri, kada kuma su tsaga miki a harshe. Mai sana'a ba ya son a ce masa bai iya ba, amma in aka ba shi matsayin mai gano cuta ya aika, zai riƙe shi da alfahari.

Sauran wata magana da ta kashe mutane da yawa, cewa da a ke yi daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya haukace. Asalin maganar ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya zauna da cuta shekara guda, aka kai shi asibiti bayan ta gama bazuwa, aka yi abin da za a iya, ya rasu bayan wata uku, sai 'yan'uwa su ɗora wa wuƙa. Wanda aka yanke wa ƙari tun yana kamar ƙwayar gyada ya koma gonarsa, shi ba a ba da labarinsa a majalisa. Ɗan naman da likita ke yankowa don dubawa ba ya watsa cuta, ba kuwa wata hanyar tabbatar da ita sai shi.

Hanyar da za a bi ita ce daga ɗakin magani na ƙauye zuwa babban asibitin Birnin Gwari, daga nan likita ya rubuta takarda zuwa Kaduna, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, inda a ke da sashen fiɗar baki da muƙamuƙi da sashen ciwon daji. Tafiyar tana cin kuɗi, magani ya fi, ba amfani a ɓoye wa iyalin majiyyaci wannan. Amma fiɗar ƙaramin ƙari ta fi arha nesa ba kusa ba a kan babbar fiɗa da gashi na makonni. Wanda ya ƙi sai da akuya a watan fari ya kan sai da gona a wata na goma.

Aikin malamin Hakimi a nan littafi ne guda, wanda zai ajiye a akwati mai makulli, domin ciwon mutum asirinsa ne, ba a karanta shi a zaure. A rubuta suna da ƙauye da shekaru, da wurin da mikin ya ke, da ko mai shi yana taba ko giya. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ranar da aka fara ganin mikin. Talaka ba ya riƙe kwanan wata, amma ya san ko kafin shuka ne ko bayan yankan dawa, ko da azumi ko bayan babbar salla, malami sai ya juya wannan zuwa wata da shekara ya sa a takardar da majiyyaci zai tafi da ita. Likita na bukatar wannan don ya kintaci saurin cutar. Masu binciken zaren sukari ma, ranar da za su gwada alamunsu a kan mutanen Nijeriya maimakon na Hindu da Turai, ba za su iya cewa alama ta yi gaskiya ba sai an san yadda ko wane majiyyaci ya soma da yadda ya ƙare.

Da yawa su kan je a yanki nama, su dawo gida, ba su koma karɓar sakamako ba, ko don kuɗin mota ko don tsoro. Saboda haka malami ya rubuta ranar da aka ce a koma, in ta matso ya aika wa mai unguwa ya tuna musu. In an ba da takardar sakamako a kwafe ta a littafin, domin ta hannun majiyyaci ta kan ɓace ko gara ta ci. Wanda aka yi wa fiɗa aka sallama kuma, kada a ja layi a rufe shafinsa. In cutar za ta komo, akasari cikin shekara biyu na fari ta ke komowa, likita zai bukaci ganinsa bayan 'yan watanni a kai a kai. A bar fili a ƙarƙashin sunansa wanda zai ɗauki ranakun komawa na shekara biyar.